Laraba, da tambayar Kawu

Kawu ya shigo bayan la'asar ya tarar ina fama da rahoton farashin taki. Ko zama bai yi ba ya ce, "Ke 'yar nan, ina waƙoƙin da kike rubutawa? Ko jarida ta cinye su?"

Dariya na yi, na ce ai ba ni kaɗai ba ce, na kawo masa labarin Kenneth Slessor na Ostireliya. An haife shi a 1901, bai kai ashirin ba ya fara aikin jarida a Sidni. Bayan ya fitar da tarin waƙoƙinsa guda ɗari a 1944, da ƙyar ya sake rubuta wata. Sai sharhin jarida da bitar littattafai har ya rasu a 1971.

Kawu ya tafa hannu. "Kin ji ko? Aikin albashi ne ya kashe shi."

Na ce haka ne, don kawai a wuce wurin. Amma tun da ya fita abin ke cina, domin ba haka ba ne. Slessor yana tsaka da hayaniyar aiki a jaridar Smith's Weekly ya rubuta waƙarsa Five Bells, wadda ta fito a 1939. Makoki ce ga abokinsa Joe Lynch, mai zanen barkwanci, wanda ya faɗa ruwa daga jirgin fito a Sidni a 1927. Shekara goma sha biyu mutumin nan yana ɗauke da mamaci a ransa, kuma kullum yana zuwa ofis! Waƙarsa Beach Burial ma yana wakilin jarida a fagen yaƙi ya samo ta, wajen El Alamein a Masar, inda teku ke turo gawawwakin matuƙa jirgi bakin gaɓa, a tona rairayi a binne, a kafa guntun itace, a rubuta da fensir cewa ba a san ko wane ne ba. Idon ɗan jarida ne ya ga wannan fensirin.

To idan jarida ba ta hana shi ba a lokacin, me ya rufe masa baki daga baya? Ni kuma da wa zan fake? Wannan ne ban so Kawu ya tambaya ba, shi ya sa na yi saurin kawo masa fura.

Wuta ta dawo wajen tara. Auta na tari, Inna ta ce sanyi ne, ta dafa mata citta. Gobe sammako zuwa Dawanau, edita na son farashin masara kafin azahar.