Daga cike fom zuwa leƙen rufin asibiti

Idan 'yan'uwa suka tambaye ni a gidan biki wane irin aiki nake yi, nakan ce musu ƙungiya ko hukuma ce take ɗaukata na wata 3 ko 6, in zaga ƙananan asibitoci, in ga abin da ke tafiya da abin da ya tsaya, in rubuta rahoto tare da shawara, a biya ni, in jira wata kwangilar. Ba da shawara kan lafiyar al'umma ke nan. A Tudun Wada aka haife ni, a Jami'ar Ahmadu Bello na yi karatu, kuma yawancin zagayena bai wuce ƙasar Zazzau ba: Giwa, Soba, Makarfi, Kudan, Ikara, sai unguwannin Birni da Sabon Gari.

A fom ɗin da muke cikewa akwai wata tambaya: akwai wutar lantarki a asibitin? Gurbi biyu ne a gabanta, e da a'a. Na yi shekaru in na ga waya ta taso daga turke ta shiga gini, sai in sa e, in wuce tambaya ta gaba.

Wata damina ruwa ya cika rafi ya tare mana hanya, dole na kwana a wani asibitin ƙauye da na gama dubawa da la'asar. Tsakar dare aka kawo mace a kan babur, naƙuda ta riga ta yi nisa. Ta haihu lafiya, sai jini ya ɓalle. Na shiga ɗakin na tarar da ungozoma ta cije wayarta da haƙora, tana haska gabanta da tocilar wayar, hannuwanta biyu suna aiki. Da ta gan ni ta miƙo min wayar ta ce, "Hajiya, riƙe min nan, don Allah kada hannunki ya motsa." Allurar tsayar da jini, wato oksitosin, daga aljihun tebur ta zaro ta. Ni kuwa na san a aji an koya mana a firji ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8, domin zafi yana rage mata ƙarfi ba tare da ta canza kama ba. Firjin yana nan a lungu, an jera fayil a cikinsa. Ta yi allurar, ta dinga murza mara, ta yi ɗinki da hasken da nake riƙe da shi. Allah ya yi da sauran kwanan matar nan.

Da gari ya waye na ce, "Sista, yaushe rabonku da wuta?" Ta ce tun kafin azumi taransifoma ta ƙone. Na buɗe jakata, ga fom ɗina na jiya, ga e ɗin da na sa da hannuna. Wannan e ɗin zai tafi ofis, a haɗa shi da wasu, a ce asibitoci kaza suna da wuta.

Daga baya ne na karanta labarin Dakta Laura Stachel, likitar mata daga Amurka, wadda ta zo nan Zariya a 2008 tana nazarin mutuwar mata wajen haihuwa a wani asibitin gwamnati. Ta ga ana aiki da fitilar kananzir da tocila. Ita da mijinta Hal Aronson suka haɗa wata 'yar na'urar sola da ke shiga akwati, suka kafa ƙungiyar We Care Solar, kuma yau akwatin nan mai ruwan ɗorawa yana ɗakunan haihuwa a ƙasashe da dama. A garinmu aka fara tunaninsa, ni 'yar garin ban sani ba sai da na riƙe waya a cikin duhu.

Tun daga nan duk rahoton da na rubuta sai na sa maganar wuta a shafin farko. Na daina tambayar ko akwai wuta, na koma tambayar awa nawa aka samu jiya, da me aka haska haihuwar ƙarshe ta dare, da kuma abin da ma'aunin firji ya nuna da safe. Maganar rigakafi ta ƙara ja na ciki. Allurai da yawa sanyin digiri 2 zuwa 8 suke so, kuma wasu, irin su Penta (allurar jarirai mai kare cututtuka biyar) da ta ciwon hanta, daskarewa ma kashe su take yi. A jikin kwalba akwai 'yar alama, murabba'i a cikin da'ira. In launin murabba'in ya yi duhu ya kamo na da'irar, zafi ya gama da maganin, sai zubarwa. Lokacin da aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna, ni matan da suka yi ta yawo gida-gida da 'yar kula a kafaɗa na tuna, da masu neman ƙanƙara tun asuba don kada ɗigon ya lalace.

Sai na samu wata ƙungiya ta yarda ta sa sola a wani asibitin. Na yi murna ƙwarai. Aka kafa faranti a rufi, aka jera batir, aka ɗaura inbata, aka yi taro. Na rubuta cewa an yi nasara.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni wani aiki ya bi da ni ta garin. Duhu. Na sa aka kawo tsani na hau na leƙa. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan farantan har ana iya rubutu da yatsa, ga kashin tsuntsaye ya bushe. Batiran kuwa sun kumbura. Raina ya ɓaci, na shiga tambaya. A bayan ƙofar ɗakin magani na ga hita a rataye. Na ce wa maigadi, "Baba, wa ke jona wannan?" Bai ɓoye ba. Ya ce, "Ni ne, 'yata. Mace ta haihu da asuba cikin sanyin nan, da ruwan randa za ta yi wanka?"

Ban da amsa. Hita ɗaya tana jan wutar da ta kai ta ƙananan ƙwayaye kusan 100. Irin batiran da muka sa, masu dalma da ruwan asid, ba sa son a zuƙe fiye da rabin cajinsu. In ana ƙarar da su kullum, ga zafin ɗaki, ba sa daɗewa. Amma da muka zauna lissafin abin da asibitin ke buƙata, mun ƙirga fitila da firji da fanka, babu wanda ya tuna ruwan zafin mai jego, abin da kowace Bahaushiya ta sani, har da ni da na haifi 'ya'ya na yi wankan jego. Lissafin a ofis muka yi shi, ba mu tambayi mai kwana a wurin ba.

Na je wurin dagaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan nan sun lalace ba wanda ya kula." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, ranar da kuka kawo su kun kira mu, mun sha lemo, an ɗauki hoto. A cikinku akwai wanda ya ce mana namu ne? Mu mun ɗauka masu shi za su dawo."

A zauren nan muka sake ɗaura aikin tun daga tushe. Kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda dama yana nan a takarda, ya karɓi makulli. Aka zaɓi wani saurayi mai gyaran waya, ma'aikacin sola daga Sabon Gari ya koya masa karanta inbata da ɗaure wayar da ta saki. Wanke faranti ya zama aikin Baba, da ɗan ihisani a wata: ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi, a hunturu sau biyu a mako. Ruwan jego aka saya masa tukunyar gas. Cajin waya da a da ake yi a ɓoye aka mayar da shi fili, da rana kawai, ana biya, kuɗin na shiga asusun batir. Firjin rigakafi kuma muka nemi irin wanda ke aiki kai tsaye da rana ba batir: da rana yana daskarar da ruwan da ke jikin bangonsa, wannan ƙanƙarar ce ke riƙe sanyi da dare, har ma kwanaki in hadari ya rufe.

Shekarun farko na sha wahalar shawo kan masu kasafi. Su a ganinsu sola kayan alatu ne, janareta shi ne sananne. A 2023 abubuwa biyu suka sauƙaƙa min magana. A Janairu Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar da rahoto cewa kusan mutum biliyan 1 suna zuwa asibitocin da ba su da wuta ko wutarsu ba ta tsayawa. A ranar 29 ga Mayu kuma Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki. Jami'an da a da nake bi ofis-ofis, su suka koma kirana. Abin da nake nuna musu shi ne Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, kuma wani ɓangare yana zuwa asibitin kai tsaye. In za a iya rubuta fenti da labule a tsarin kashe kuɗin, ana iya rubuta canjin batir.

Matasan da ke son shiga wannan aiki sukan tambaye ni wane kwas za su ƙara. Nakan ce su iya lissafi da rubuta rahoton da mai gaggawa zai karanta ya gane, su kuma shirya wa watannin da ba kwangila, don suna zuwa. Sannan su kwana a asibitin da suke dubawa, ko sau ɗaya ne.

Watan jiya na koma ƙauyen da aikin duba na'urar iskar numfashi ta yara masu ciwon haƙarƙari, wadda ita ma ba ta aiki sai da wuta mai tsayawa. Sakataren kwamiti ya buɗe min littafin asusu. Abin da suka tara bai kai kuɗin batiran litiyam da suke so ba, ya ce sai an haɗa da gudunmawar kaka bayan an sayar da masara. Muna cikin magana Baba ya wuce da bokiti da tsani, ya ce in matsa daga ƙarƙashin indararo kada ruwan wankin ya jiƙa min takardu.