Daga Kadawa zuwa zauren majalisa

Ina cikin mutanen farko da suka yarda su yi noman rani da ruwan Tiga. Da aka gama dam ɗin a 1974, zamanin Audu Bako, mutanen garinmu ba su gaskata ba. Abin da suka sani shi ne in an kai amfanin damina rumbu sai a ɗaura ƙunshi a tafi cirani. Ni na tsaya, na zuba alkama da tumatir a wajen Kadawa. Har yau ina tuna asubahin da aka fara buɗe mana ruwa, hunturu na tsaga ƙafa, ina tsugune ina kallonsa yana bin kunya-kunya.

Rabon ruwan nan ne ya kai ni siyasa. Wanda gonarsa ke wutsiyar kanal shi ake bari da ƙishi, ni kuma ake turawa in yi magana da na sama. A 1979 dattawa suka ce in tsaya takarar majalisar jiha a PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano. Allah ya ba ni.

Mun shiga da ƙafar dama. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, na ga dattijon da aka taɓa ɗaurewa saboda haraji yana hawaye a kasuwa. Amma aikin majalisa ba a kan dandamali yake ba. Na shekara ina tashi ina kukan manoma, ana tafa mini, ba abin da ya motsa. Sai da wani malamin makaranta ya riƙa zaunar da ni bayan Isha yana karanta mini kasafin kuɗi layi-layi na gane cewa duk abin da ba a rubuta masa kuɗi ba, zance ne. Tun daga nan na daina ƙin zaman kwamiti.

Abin da ke ci mini rai shi ne rikicin santsi da taɓo. Jam'iyya ta rabu biyu, 'yan santsi na bayan Rimi, 'yan taɓo na bayan Malam Aminu, muka ɓata watanni muna ƙirga wa ke bayan wa, alhali tumatir na ruɓewa a kwando a bakin titin Zariya, mata na yanka shi suna shanyawa a ƙasa don a samu kauɗa. Maganar wurin sarrafa shi da na yi niyyar kaiwa kwamiti, ban bi ta yadda ya kamata ba.

Sojoji suka karɓi mulki ranar 31 ga Disamba, 1983. Na koma gona na tarar ciyawa ta toshe magudanar da ke kai mini ruwa, kwana uku ni da yarana muna yashe ta.