Na saka kayan kakata da na mahaifiyata a bikin ƙanwata, ga abin da na gano

Yanzu kusan kowane biki a Kano sai an ware rana ɗaya ta shigar gargajiya, a sha saƙi a rataya murjani a ɗauki hoto da ƙwarya a hannu, kuma ni abin yana burge ni gaskiya, sai dai in ka matsa kusa yawancin saƙin nan na inji ne murjanin kuma roba. Shi ya sa da bikin autarmu ya taso na ce ni kam na ainihi zan saka, daren kamu kayan kakarmu Iya wadda aka yi wa aure a shekarun 1950, daren dina kuma leshin Umma na aurenta a tsakiyar shekarun 1970.

Abu na farko da na fahimta shi ne wannan "kayan da" da muke faɗa a dunƙule ba zamani ɗaya ba ne sam. Ni da a raina zan ɗaura zanen Iya in kafa goggoron Umma in riƙo ƙaramar jakarta mai ƙyalli, Iya tana jin haka ta ce ke kishiya, wa ya ce miki mun san goggoro, mu fatala muke yi a kan doka. Kuma da na zauna na duba sai na ga gaskiyarta, kayan Iya kusan duk na gida ne, audugar nan aka kaɗa, masaƙin nan ya saƙa, marinin nan ya rina, na Umma kuwa kayan lokacin kuɗin fetur ne, bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 da ma'aikata suka samu kuɗi a hannu, leshi daga Ostiriya da Suwizalan, takalmi da jaka na Italiya, sarƙar gwal ta tsarabar Makka. Shekara ashirin ce kacal tsakaninsu amma in ka haɗa su a jiki ɗaya duk wata tsohuwa da ke wurin za ta gane ba ka san abin da kake yi ba.

A adudun Iya zannuwa uku ne suka fi ɗaukar hankalina. Akwai saƙi mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari irin na jikin zabo, akwai na tsamiya mai launin ƙasa-ƙasa wanda zarensa silikin daji ne da ake samu daga gidan wata tsutsa, a dafa shi da toka a kaɗa shi da hannu, sai kuma wani mai ratsin ja mai ɗan duhu da ta ce alharini ne kuma na mahaifiyarta ne ba nata ba. Shi alharini zaren siliki ne ja, ta hamada yake zuwa Kano daga Tarabulus a bayan raƙuma, kuma bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 wannan fataucin ya yi ta ja baya har ya mutu, to kun ga zanen nan ba ƙaramin tsufa ya yi ba. In ka ɗaga kowannensu a haske za ka ga ƙyallaye ne sirara kamar faɗin yatsu huɗu aka jera aka haɗa da ɗinkin hannu, kuma nan ne ake gane na gaske, domin na inji faɗi ɗaya ne sai dai a zana masa layi don ya yi kama.

Rigimar da na sha da tela ce ta fi komai tsaya min a rai. Na kai masa saƙin don ya ɗinka min riga ta sama da za ta dace da shi, yana taɓawa ya ce Hajiya ai wannan in na fitar miki da doguwar riga mai matse ƙugu a ciki sai an rasa wace ce amaryar, har ya ɗauko almakashi yana gwada inda zai tsaga. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na karɓe abina na ninke na ce yadi daban za mu saya. Ba wai mugunta yake nufi ba, bai san saƙin hannu in aka yanka shi warwarewa yake yi ba, sannan shi zane muddin yana zane to siririya za ta ɗaura mai jiki za ta ɗaura, ya zaga jikoki goma, amma ranar da aka mai da shi riga ya zama na mutum ɗaya na shekara biyu, kafin yayin ya wuce. Daga ƙarshe farin yadin auduga mara ƙyalli muka saya a Kantin Kwari aka yi min riga mai sauƙi, hannu dogo, babu dutse babu komai.

Sai maganar wanki. Kayan sun daɗe a rufe, warin kafur da tsohon turaren wuta ya kama su, kuma kowa a gidan shawararsa ɗaya, a jiƙa a omo. Gwaggona ce ta ce kar wanda ya kuskura, musamman wani mayafi baƙi mai sheƙi ɗan Kura, irin wanda Buzaye suke saye su yi rawani, ta ce sheƙin nan ba a cikin zaren yake ba, shuni ne aka buga a kai da mabugi har ya kwanta, ruwa yana taɓa shi ya tafi. Don haka shanya su kawai muka yi a inuwa iska ta buga su, saƙin kuma na kai wa masu bugu a wajen marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. Na tsaya ina kallo suka yayyafa masa ruwa kaɗan suka ninke suka ɗora kan gungumen icce, mutum biyu suna bugu bi da bi, kafin ka ce me duk tamojin shekaru ya baje zanen ya yi laushi ya ɗauki wani haske da dutsen guga ba zai taɓa ba shi ba. Wani dattijo a cikinsu ya juya zanen ya ce 'yata wannan rinin na ganyen baba ne zalla, ki riƙe shi da kyau. Abin da ba wanda ya gaya min sai da na gani a jikina shi ne mayafin ɗan Kura yana zuba, wuyana da kafaɗar farar rigar nan duk sun yi shuɗi kafin a tashi, Iya kuwa ta ce ai a zamaninsu wannan shuɗin a fata shi ne adon.

Kayan wuya su ne inda ake cutar mutane sosai. Duwatsun tsakiya na Iya da murjaninta suna nan amma zaren ya ruɓe, ƙwayoyin jere ɗaya kuma sun ragu, sai na shiga Kasuwar Kurmi neman ciko. A nan na koyi riƙe abu a tafin hannu kafin in tambayi kuɗinsa: tsakiya ta gaske dutse ce, tana da sanyi da nauyi kuma ba za ka samu ƙwaya biyu iri ɗaya sak ba, ta gilashi in ka duba da kyau akwai 'yan kumfa a ciki, ta roba kuwa ba nauyi kuma nan da nan take ɗumi. Tsohon murjani bakin hudarsa ya siɗe saboda gogar zare. Kuma kar a yarda lemon tsami ko turare ya taɓa murjani, tsami cinye shi yake yi ya dushe, alhali lemon tsamin nan da toka su muka goge azurfa da su, ƙwandaga da warwaro da suka yi baƙi ƙirin suka dawo fes. A tsakiyar sarƙar Iya akwai liyari, kuɗin azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya Mariya Tereza da 1780 a jiki, ƙanina har ya fara lissafin miliyoyi, sai maƙerin fari da ya gyara mana maƙalar ya yi masa bayanin ai duk wanda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar ake sa masa, an yi ta buga shi shekara da shekaru, kuma da yawa daga azurfar da iyayenmu suka saka narka shi aka yi aka ƙera. Na sa an sake jera duwatsun a zare mai ƙarfi ninki biyu da ƙulli a tsakani, saboda in ya tsinke a tsakiyar taro kar su watse.

Daren kamu abin da na fi ji shi ne nauyi. Saƙi yana da kauri, ga azurfa a hannu biyu ga duwatsu a wuya, ba za ka iya saurin da muka saba ba dole tafiyarka ta nutsu, kuma zanen ba ya zama sai an ɗaura shi yadda Gwaggo ta nuna min, a ja shi sosai a soke sannan a bi da ɗan maɗauri ta ciki. Kwalliya ma na rage, kwalli daga tandun Iya da jan lalle irin na ƙunshi, don wannan fentin fuskar na yanzu ba ya tafiya da rinin baba ko kaɗan. Tsofaffin wurin sai kirana suke suna shafa zanen, wata ta ce ita ma da irinsa aka kai ta amma 'ya'ya sun ba mai gwangwan azurfar, zanen kuma an yi shimfiɗar yara da shi, tana faɗa idonta ya kawo ruwa, abin ya taɓa ni sosai.

Na dina bai ba ni wahala kamar haka ba. Leshin Umma na auduga ne mai huda-huda, buba mai faɗin hannu da zani, ya ɗan yi rawaya a layin ninki, muka jiƙa shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu mara ƙarfi, ba bilic ba murza, aka goge ta baya a kan tawul don aikin kar ya kwanta. Da yake buba ce ba sai an rage ko an ƙara ba. Takalmin ne ya ƙi, dunduniya mai tudu ce amma gam ɗin ya bushe fatar ta tsattsage, mai gyara ya ce ba zai kai ni ƙofar hol ba, sai na sayi sabo mai kama da shi na riƙe jakar ta asali. A ƙasan akwatin mun tarar da turamen atamfa da ba a taɓa yankawa ba, Holan da Ingila da kuma ta Kaduna, lokacin da masaƙu irin su KTL da aka buɗe a 1957 da UNTL suke aiki dare da rana, kuma in kun taɓa ta Kadunan nan kun ji kaurin audugarta sai ranku ya ɓaci da yadda muka bari masaƙun suka mutu.

Da aka gama biki ban mai da komai cikin leda ba, leda tana riƙe laima ta jawo fumfuna. Kowane zane na naɗe shi a farin ƙyallen auduga, na sauya wurin ninkin saboda a kan layin ninki zare yake fara karyewa, azurfa daban murjani daban, kafur kuma a ƙulle a tsumma don kar ya taɓa kayan kai tsaye, kuma mun yi da Umma duk bayan damina za a fito da su su sha iska. Zanen alharini ban saka shi ba ma, da muka buɗe shi an ga wurare biyu da ratsin ya fara rauni, mun bar shi na kallo.

Tun da hotuna suka fita 'yan uwa suke ta kira a ara musu, Iya ta ce saƙin da azurfar za a iya ara amma a cikin gidanta za a ɗaura a kuma dawo da su a daren, murjani kuwa ba ya fita. Saboda masu bikin nesa na ba wani masaƙi aikin sabon saƙi irin nata sak, na kai masa hoto da awon faɗin ƙyallen, ya ce zaren hannu yanzu sai an bi ƙauye an nemo wajen tsofaffi masu kaɗi, don haka in ba shi wata biyu.