Inda Na Kai a Koyon Tantance Tsabar Kuɗi Masu Aibi

'Yan'uwana masu koyo, a 'yan makonnin nan na ajiye lafiyayyun tsabar kuɗi gefe guda, na duƙufa kan masu aibi, domin a nan ne ma'aunin da muka saba da shi yake gazawa. Ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, mai hawa daga 1 zuwa 70, ya fi karkata ga auna yadda kwandala ta suɗe a hannun jama'a, kuma ba ya faɗin yadda za a yi da wadda aka huda, ko aka kankare, ko tsatsa ta ci. Shi ya sa manyan kamfanonin tantancewa na Amurka, wato PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da ya biyo baya a 1987, ba sa ba irin wannan kwandala lamba. Abin da suke yi shi ne su tabbatar ta gaske ce, su ambaci matakin da zanenta yake, sannan su rubuta aibinta a jikin kwanson da suka rufe ta a ciki.

Tambayar da nake fara yi wa kowace kwandala yanzu ita ce, a gidan buga kuɗi aibin ya same ta, ko bayan ta fito? Na farkon yana iya ɗaga darajarta, na biyun kuwa kullum rage ta yake yi. Idan hatimin ƙarfen da ake bugawa da shi ya tsage, ƙarfen kwandalar yakan kutsa cikin tsagar, sai layin ya fito a tashe. Karce kuwa rami ne, kuma da gilashin da ke ƙara girma sau goma za ku ga ƙarfen da aka ture ya taru a gefensa kamar kunya a gona. Haka nan kwandalar da ta fito da gutsurarren baki tun daga injin yanka, sau da yawa bakin da ke daura da gutsurin yakan fito a raunane, abin da mai yanka da zarto ba ya iya kwaikwayo cikin sauƙi.

Misalin da ya fi koya mini hattara shi ne senti biyar na Amurka na 1937 da aka buga a Denba, mai hoton ɓauna da ƙafa uku. An goge hatimin ne fiye da kima har ƙafar gaba ɗaya ta ɓace, kuma wannan kuskure ya sa ta yi tsada, to sai maha'inta suka shiga kankare ƙafar daga lafiyayyun kwandaloli. Aibi ɗaya ne a ido, amma ɗaya abin nema ne, ɗayan kuwa ɓarna ce tsagwaronta.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne gane wankakkiyar kwandala. Nakan riƙe ta ta baki a ƙarƙashin fitila guda, in riƙa karkata ta a hankali. Wadda ba a taɓa ba, sheƙinta yakan zagaya fuskarta yayin da nake juya ta, amma wadda aka goge da tsumma haskenta a daskare yake, kuma siraran layuka sukan bayyana a jere, suna hawa har kan haruffa. Layukan gugar hatimi kuwa, wato waɗanda kwandala ta fito da su tun daga gidan buga kuɗi, a tashe suke, kuma yawanci sukan tsaya a gindin harafi su ci gaba a ɗaya gefen. A ganina, baƙin da azurfa ta yi saboda daɗewa ya fi wannan farin ƙarya kyau nesa ba kusa ba.

Wajen sa farashi babu wani kaso tsayayye da ake ragewa. Ina duba ƙarancin kwandalar, da girman aibin, da wurin da ya faɗa, domin karce a kumatun hoton ya fi wanda ya ɓuya cikin gashi muni. Kwandalar da ke da yawa a kasuwa idan ta lalace takan koma kusa da kuɗin ƙarfenta, kamar dalar Morgan, wato tsohuwar kwandalar dala ɗaya ta Amurka, mai nauyin giram 26.73 wadda kashi 90 cikin ɗari nata azurfa ce, alhali mai wuyar samu ko da huda tana da masu nema. Aikin da ke gabana yanzu shi ne koren danƙon da ledar PVC mai laushi, wato irin robar da ake ajiye kwandala a ciki, take bari a jikin tsaba, inda nake gwada sinadarin asiton zalla a kan marasa daraja tukuna, ba tare da guga ba, domin in ga ko ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya riga ya ciwu.