Ranar da na rubuta 2, 4, 6 a kan allo

Wata Alhamis ce, saura minti ashirin a tashi, mun gama darasin lissafin ranar. Na goge allo na rubuta lambobi uku: 2, 4, 6. Na ce wa 'yan ajin akwai wata ƙa'ida da na rubuta a takarda na sa a aljihu, kuma waɗannan lambobi sun bi ta. Kowa na iya kawo nasa lambobi uku, ni kuma amsata ba za ta wuce "sun bi" ko "ba su bi ba". Wanda ya tabbata ya gano ta, sai ya miƙe ya faɗa.

Wasan ba ni na ƙirƙire shi ba. Na Peter Wason ne, wani masanin halayyar ɗan Adam da ya yi aiki a jami'a a Landan, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1960. Ɗalibai 29 ya gwada, shida kacal suka faɗi ƙa'idar daidai a karon farko. Tun da na karanta labarin nake son in ga abin da idona.

Hannuwa suka tashi nan take. "Malam, 8, 10, 12." Sun bi. "20, 22, 24." Sun bi. Wani ya ce 100, 102, 104, yana murmushi tun kafin in buɗe baki. Sun bi. Sai yaron da ya fi kowa ƙoƙari a ajin ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ce, "Malam, biyu-biyu ake ƙarawa." Na ce ba ita ba ce. Aji ya ɗauki hayaniya. "Haba Malam, ai duk abin da muka kawo ka ce ya bi!" Kuma gaskiya suka faɗa. Suka ci gaba, aka kawo 3, 6, 9, aka kawo 10, 20, 30, duk sun bi. Wani ya miƙe ya ce tazarar da ke tsakanin lambobin ce dole ta zama iri ɗaya. Nan ma na girgiza kai. Shi kuwa yaron farko ya sake miƙewa ya maimaita ƙa'idarsa da wasu kalmomin daban, abin da Wason ma ya gani a wurin wasu daga cikin ɗalibansa.

Can sai wata yarinya daga bencin baya, wadda ba kasafai take magana ba, ta ɗaga hannu ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, 6, 4, 2." Aka fashe da dariya, wata ma ta ce mata ai wannan a bayyane yake ba zai bi ba. Na ce, "Ba su bi ba." Karo na farko ke nan da kalmar ta fito daga bakina, kuma ajin ya yi tsit. Ta ce 1, 2, 50. Sun bi. Ta ce 5, 5, 5. Ba su bi ba. Ta ɗan yi shiru tana kallon allo, sannan ta ce, "Kowace lamba ta fi wadda ta zo kafin ta girma, shi ke nan." Na ciro takardar na miƙa mata ta karanta wa aji.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fuskokin yaran a duk lokacin da na ce "sun bi". Daɗi suke ji, suna ganin sun matso kusa, alhali ba su ƙaru da komai ba, domin tambayar da suka riga suka san amsarta suke yi. Duk wanda ya ɗauka biyu-biyu ake ƙarawa, zai iya kwana yana kawo misali ina cewa ya bi. Karl Popper, masanin falsafar kimiyya ɗan asalin Ostiriya, a kan wannan ya gina ra'ayinsa: tarin misalai ba ya tabbatar da ƙa'ida, amma misali ɗaya tak yana iya rushe ta. Ko ka ga hankaka dubu mai farin ƙirji, ba ka da hujjar cewa duk haka suke, ranar da ka ga baƙi wuluk kuwa magana ta ƙare.

Na koma gida ina ganin na koya wa yara wani abu. Ba a yi wata guda ba na tsinci kaina a bencinsu.

Muna da sola a gida, sai wutar ta fara ɗaukewa wajen ƙarfe biyu na dare, a tsakiyar zafin bazara, yara su farka suna kuka. Zuciyata ta tafi kan firijin da muka saya ba da daɗewa ba. Kullum da daddare sai in duba, firiji na aiki, ƙarfe biyu wuta ta ɗauke, in ce wa kaina ka gani ko. Kwana tara ina wannan lissafi a bayan littafin darasi, har na fara neman mai sayen firijin. Maiɗakina ce ta ce, "Malam, ka taɓa cire shi ka ga ko wutar za ta kai asuba?" Ban taɓa ba. A daren na zare filoginsa da hannuna, na kwanta ina da yaƙinin fanka za ta kai mu kiran salla. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna ta tsaya. Da mai gyara ya zo ya auna, batir ɗaya ne ya mutu yana jan ɗan'uwansa ƙasa.

Daga baya na ci karo da bayanin da Joshua Klayman da Young-Won Ha suka yi a 1987, ya kuma rage mini saurin ganin laifin yaran. A ganinsu, gwada abu a inda kake zaton za ka same shi dabara ce da ke aiki a mafi yawan lokuta. Bakanike da aka kawo wa babur ya ƙi tashi, fulogi yake fara dubawa, kuma sau da yawa ya dace. Inda dabarar ke cin amanar mutum shi ne idan gaskiyar ta fi zatonsa faɗi, zaton nasa yana zaune a cikinta. Duk jerin da ake ƙara biyu-biyu jeri ne mai hawa, don haka mai wannan zato ba zai taɓa jin "a'a" ba. Haka firijina: wutar na ɗaukewa kowane dare, ni kuma dararen da yake kunne kaɗai nake ƙirgawa. Tun daga nan, kafin ɗalibi ya kawo lambobinsa sai in tambaye shi amsar da yake tsammani daga gare ni. In ya ce "sun bi", sai in ce ya nemo waɗanda yake ganin ba za su bi ba.

Darasin da ya fi mini nauyi shi ne na uku. Akwai wani yaro da na daɗe da yanke wa hukuncin cewa malalaci ne. Duk ranar da bai kawo aikin gida ba ina riƙe da ita a ka, har na taɓa faɗa wa mahaifinsa haka a bakin ƙofar makaranta, mutumin ya sunkuyar da kai yana ba ni haƙuri. Bayan maganar batirin nan na buɗe littafin maki na ƙirga ranakun da ya kawo aikin, abin da ban taɓa yi ba. Sau uku ya rasa a duk zangon. Yaron da nake yabo a gaban aji sau huɗu ya rasa, kuma ko ɗaya ban tuna ba. Washegari na aika a kira mini mahaifin, na buɗe masa littafin a kan tebur, na nuna masa layin ɗansa da yatsa, na ce, "Alhaji, ni ne na yi kuskure, ka yafe mini."