Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Yadda Muka Koma Kangon Masallaci

Assalamu alaikum masu bibiyar labarina. A makon jiya na tsaya ne a inda mai motar da maigidana yake tuƙawa ya karɓe makullinsa. Ba faɗa suka yi ba, hanya ce ta mutu. Shekara shida yana jigilar fasinja daga Gombe zuwa Biu, daga Biu ya ratsa Damboa ya shiga Maiduguri. To tun da aka far wa Damboa cikin azumin 2014, duk direban da ke da iyali sai ya yi tunani sau goma kafin ya bi wannan hanya. Mai mota ya ce gara ya sayar da abarsa ya huta da fargaba.

Mu kuwa ƙarshen watan Oktoba kuɗin hayarmu yake ƙarewa. Ciki da falo ne a Pantami, mu shida har da ƙanwar maigidana, naira dubu 45 a shekara. Bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki, ko naman layyar da maƙwabta suka aiko mana bai ƙare a kwalla ba, sai ga yaron mai gidan da saƙo. Wai bana dubu 80 ne, kuma a dunƙule, in babu hali a ba shi ɗakinsa, akwai masu jira.

Masu jiran nan 'yan gudun hijira ne. A lokacin garin Gombe ya cika ya batse da mutanen Damboa, da na Gwoza da aka kama a watan Agusta, da na Bama, da na Buni Yadi ta ɓangaren Yobe, kafin ƙarshen Oktoba kuma Mubi ta faɗi, wasu suka ƙaro ta hanyar Yola da Numan. Akasarinsu ba sansani suka nufa ba, cikin gari suka bazu, wajen dangi da abokan kasuwanci. Wanda Allah ya sa ya tsira da 'yan kuɗi ɗaure a ƙugu, ko nawa aka yanka masa zai biya, muddin matansa za su samu inda za su shige. Masu gidajen haya suka shinshino haka, shi ke nan.

Bari in faɗi gaskiya ko da za ta zubar mini da mutunci: na tsani mutanen nan a zuciyata. In na ga mace da ƙunshin kaya a ka, ta jawo yara, ba tausayinta nake fara ji ba, cewa nake ga masu cinye mana ɗaki. Allah ya yafe mini.

Mako biyu da shiga Nuwamba mai gida ya zo da kafinta, ya cire ƙofar falo ya jingine ta a tsakar gida. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce kawai, "Gobe masu ɗaki za su shigo." Hunturu ya fara busawa. Muka kwana da zane a madadin ƙofa, da safe muka fito da kaya bakin layi: gadon aurena, katifa biyu, kwabet, keken ɗinkina, da samirun da mahaifiyata ta tara mini kafin ta rasu. Ban taɓa sanin kayan ɗakina sun tsufa haka ba sai da rana ta haska su a gaban jama'a.

Kada ku ce ina dangi. Na ba ku labarin rasuwar iyayena a kashi na uku. Yayana da ke Kumo ɗaki ɗaya yake da mata da 'ya'ya biyar. Shi kuma maigidana cewa ya yi gara ya kwana a tasha da ya koma ƙauye a ce birni ya koro shi.

Wadda ta fara matsowa kusa da mu maƙwabciyata ce, Batangaliya daga Billiri, Kirista. Ta sa yaranta suka kinkimi keken ɗinkin zuwa ɗakinta, ta ce, "Wannan ba ya kwana a waje, shi ne gonarki." Ta kawo wa yara shinkafa da wake. Ita ta shaida mini cewa su ma a cocinsu akwai mutanen Mubi da Michika kwance a kan benci, mata suna karɓa-karɓa wajen dafa musu abinci.

Har aka kira Magariba muna nan zaune. Ladanin masallacin unguwa, wani tsoho mai ɗingishi, shi ya gan mu a hanyarsa. Bai ce uffan ba, amma ana idar da sallah sai ga Liman da kansa, da tocila a hannu. Maigidana ya miƙe ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam."

"Tun yaushe kuke nan?"

"Tun safe, Allah gafarta."

"Tun safe, kuma sau uku ka bi ni sallah yau, bakinka bai iya buɗewa ba?"

Maigidana ya sunkuyar da kai. Liman ya juya ga almajiransa ya ce su nemo mai kura. A daren aka jibge kayanmu a zaurensa, ni da yara da ƙanwar maigida aka shigar da mu wajen uwargidansa, wadda kowa ke kira Inna. Maigidana kuma ya kwana a masallaci tare da wasu maza huɗu da ban san da zamansu ba sai ranar.

Inna ba ta tambaye ni me ya faru ba. Ruwan zafi ta ɗora, ta ce, "'Yar nan, tashi ki yi wa yaran nan wanka, sanyi ya kama su." Sai da suka yi barci na fashe da kuka, ta bar ni na yi mai isata.

A nan na fahimci masallacinmu ya daɗe yana wannan aiki ba mu sani ba. Tun zuwan mutanen Damboa aka kafa kwamiti: Liman, da na'ibinsa, da wani malamin firamare mai riƙe littafi, da 'yan kasuwa biyu daga Tudun Hatsi. Ana zagayawa da asusu bayan Asuba da bayan Isha'i. Masu hatsi kan ba da zakkarsu buhu-buhu maimakon su rarraba ta mudu-mudu a ƙofar gida. Wani Alhaji kuma da ya fara gini a bayan unguwa kuɗi suka yanke masa, ya miƙa wa masallaci kangon ya ce a sa bayin Allah har ranar da ya samu halin ƙarasawa. Ɗaki huɗu ne, an yi rufin kwano, amma babu ƙofa, babu taga, babu siminti a ƙasa. Uku da mutane, ɗaya ya rage.

Sai dai maganarmu ba ta wuce salin-alin ba. Daga baya maigidana ya ba ni labarin yadda aka yi a zaman kwamiti. Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ya ce kuɗin nan da sunan 'yan gudun hijira aka tara su, mu kuwa 'yan gari ne, in aka buɗe wannan ƙofa duk wanda haya ta gagara zai kwaso kaya ya zo. Ni ban ga laifinsa ba, amanar kuɗin jama'a yake ji. Liman ya saurare shi har ya gama, sannan ya jawo aya ta 60 cikin Suratut Tauba, wadda ta lissafa mutum takwas da ake bai wa zakka. Ya ce faƙiri da miskini su aka fara ambata, mai bashi yana ciki, matafiyin da guzuri ya yanke masa shi ne na ƙarshe, kuma babu inda aka ce a tambayi mutum garinsu. Ya ce a dai sanar da masu bayarwa don kada a ci amanarsu. Washegari da Asuba ya sanar, amma bai kama sunan kowa ba, "wani bawan Allah daga cikinmu" kawai ya ce. Har yau in na tuna wannan rufin asiri sai na yi masa addu'a. Maigidana yana cikin sahu, kuma ya fita daga masallacin kansa a ɗage.

Akwai kuma maganar tsaro. Ranar 31 ga Oktoba bam ya tashi a tashar Gombe Line, gari ya tsure, kowa yana zargin baƙo. Ranar Juma'a 'yan agaji sai sun laluba mutum kafin ya shiga masallaci. Saboda haka duk wanda za a saka a kangon sai an kai shi gaban Mai Unguwa an rubuta sunansa da inda ya fito da wanda ya tsaya masa. Mu ma da aka haife mu a garin sai da aka rubuta mu.

Ranar da muka tare, samarin unguwa suka kafa mana ƙofar langa-langa, suka toshe taga da buhun siminti, suka kewaye bayan gida da zana. Na shimfiɗa leda a ƙasa na ɗora katifa. Ina cikin share ƙura sai ga wata doguwar mata baƙa, da tsage a fuska, ta yi sallama da Hausarta mai karkata. 'Yar Damboa ce, ana kiranta Maman 'Yan Biyu. Ta dubi yadda na yi shimfiɗa ta girgiza kai.

"Ba haka ba, 'yar'uwa. Ƙasa za ta sha yaranki."

Ta fita ta dawo da kwalaye da ta tsinto a kasuwa, ta jera su a ƙarƙashin ledar, ta jawo katifar daga jikin bangon gabas inda iska ke shigowa. Ta nuna mini yadda ake yayyafa ruwa a daɓe ƙasa da dutse don ƙura ta kwanta, da inda ake samun ruwa da araha kafin 'yan garuwa su tsauwala. Wata huɗu ta riga ni koyon zama ba gida. Ina kallonta kunya kamar ta kashe ni, don irinta nake zagi a zuci mako biyu da suka wuce. Ita ba ɗaki ta rasa ba. Gida ne sukutum da rumbu da shanun huɗa, ga miji da tun daren da suka rabu a daji ba ta ji ɗuriyarsa ba.

Ba zan ce muku zaman ya yi daɗi ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Iyali huɗu, murhu biyu, bayan gida ɗaya, yara goma sha bakwai. An yi faɗa a kan itace, an yi a kan bokiti, akwai ranar da na yini ban yi wa kowa magana ba saboda an ɗebe mini gawayi. Inna ce alƙaliyarmu, duk Alhamis take zuwa tare da matan Islamiyya. Tsarinsu mai sauƙi ne: kowace ɗaliba ta zo makaranta da gwangwani ɗaya na abin da Allah ya hore mata, masara ko gero ko wake, wata sabulu, wata kuka da daddawa, a haɗa a kawo. Gwangwani ba komai ba ne, amma na mata sittin abinci ne.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Wata rana wasu mata masu hali suka zo daga wata unguwa da atamfofi da katan ɗin taliya, suka ce mu jeru mu riƙe kayan a ɗauke mu hoto za a sa a Facebook. Na shige ɗaki na ja ƙofa. Ni 'yar gari ce, ƙawayen da muka yi makaranta tare suna nan, dangin mijina suna da waya. Ranar ban samu taliya ba. Da Inna ta ji, sai ta sa aka kafa doka: mai kawo sadaka ya miƙa wa kwamiti, ba a shiga da waya wajen mata. Ta kuma aiko mini da taliya uku daga nata ɗakin.

Cikin Disamba na karɓo kekena daga wajen maƙwabciyata, matan Islamiyya suka fara kawo mini ɗinkin hijabin yara. Maman 'Yan Biyu ta iya ɗinkin hula irin ta Barebari, sai muka riƙa zama inuwa ɗaya, ina taka keke tana saƙa zare. Ɗaya daga cikin 'yan kwamiti kuma, wancan dai da ya so a hana mu ɗaki, shi ya yi wa maigidana hanya a Tashar Dukku, yana taya lodi ana sallamarsa kullum, da alƙawarin in mota ta samu za a ba shi.

Kwana tara ya yi yana zuwa. Ranar Litinin 22 ga Disamba ya fita bayan Asuba, ya ce in ɗora wake zai taho da manja. Da hantsi ina kan keke sai na ji layi ya rikice da salati, yara suna gudu. Ƙanwar maigidana ta faɗo ɗaki ba mayafi.

"Anti, bam! Bam a Tashar Dukku!"

Na lalubo waya hannuna yana karkarwa. Na kira, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na zabura zan fita ko takalmi babu, sai na ji an riƙe ni gam ta baya. Maman 'Yan Biyu ce. Ta ce, "Ba inda za ki. Wani lokaci na biyu yana biyo na farko, ni na gani da idona. Zauna, a aika maza."

Ta tura babban ɗanta da gudu gidan Liman.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.