Inda wuta ke salwanta wajen mai da haidurojin ruwa

Haidurojin ba ya zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 253 ƙasa da sifili, wato Kelbin 20. A lissafi, kilowat-awa 3.9 ya isa a mai da kilo ɗaya ruwa, amma masana'antu na cin 10 zuwa 13. Ta kamfanin Linde da ke Leuna a Jamus tana cin kusan 12. Sulusin ƙarfin da ke cikin haidurojin ɗin ke nan ya tafi tun ba a loda shi a tanka ba.

Darasin da ya fi tsada shi ne na orto da para, wato nau'i biyu da ƙwayoyin iskar haidurojin ke zuwa a cikinsu. A zafin ɗaki kashi 75 na iskar orto ce, 25 para, amma a Kelbin 20 kusan duk sai ta koma para, kuma tana sakin zafi tana juyawa: kilojul wajen 527 a kowane kilo, alhali 446 kawai ake buƙata ruwan ya ƙafe. Wanda ya cika tanki bai juya orto zuwa para ba, ruwan zai riƙa tafasa kansa a hankali yana tsiyayewa sama. Shi ya sa ake zuba sinadarin tsatsar ƙarfe mai hanzarta juyin.

Abin lura shi ne inda ake zuba shi. A lissafi, kwashe jul ɗaya (ma'aunin ƙarfi) na zafi a Kelbin 80 bai kai jul 3 na aiki ba, amma a Kelbin 20 aƙalla 14 ne. Don haka a cusa sinadarin cikin hanyoyin na'urar musayar zafi, iskar tana sanyi tana juyawa, maimakon a tara aikin a ƙarshe inda kowane jul ke da tsada.

Kada a kai iskar bakin bawul ɗin faɗaɗawa, inda ake sakin matsinta don ta yi sanyi, da ɗuminta. Sama da Kelbin 200 ƙara zafi take yi in ta faɗaɗa, sai ruwan naiturojin ya sauko da ita wajen 80. A nan kuma ake tace ta, domin ɗan oksijin ko naiturojin da ya tsere daskarewa yake ya toshe hanya, ƙanƙarar oksijin cikin ruwan haidurojin kuwa tana iya jawo fashewa.

Kwamfuresa, na'urar matse iska, ita ce ke shan mafi yawan wutar. Haidurojin ya cika rashin nauyi, mai farfela ba ta matse shi da kyau, shi ya sa ake dogara da mai fistin. Masu ƙera manyan masana'antu suna gwada gauraya hiliyam da niyon a zagayen sanyaya don iskar ta yi nauyi, suna harin kilowat-awa 6 da 'yan kai a kowane kilo.